Na Bi Muryar Wani Mai Jita Har Agadas

Waƙar da ta kai ni Agadas ko suna ba ta da shi. Lamba ce kawai a memorin wata tsohuwar waya, wadda wani Ba'abzine mai gadi a unguwar Nasarawa ya kawo rumfata a Farm Centre don in kwashe masa abin da ke ciki kafin ta ƙarasa mutuwa. Sana'ata ke nan, gyaran waya da tura wa mutane karatu da waƙoƙi. Ina cikin kwashewa na danna ɗaya don in tabbatar ba ta lalace ba. Jita ce guda ɗaya, sai tafi a hankali, sai muryar namiji mai 'yar dishewa. Rabin baitocin da yarensu ne, rabi da Hausar Agadas. A ɓangaren Hausar, mutum ne yake gaya wa Ubangijinsa cewa ya karɓi hukunci, bai yi jayayya ba, amma har yau in ya tashi zuba shayi kofi biyu hannunsa yake ɗaukowa.

Lokacin wata bakwai ke nan da rasuwar maiɗakina, Allah ya jiƙanta. Duk wanda ya zo gaisuwa "sai haƙuri" ya ce, kuma gaskiya ya faɗa. Amma ni a ɓoye tsoro nake ji, ina ganin tun da zafin bai daina ba, ke nan haƙurin nawa bai cika ba, imanina da saura. Wannan baƙon mutum shi ne na farko da na ji ya haɗa biyun a baki ɗaya, yarda da ƙaddara da kuma kewa, bai ji kunyar ko ɗaya ba. Na tambayi mai gadin ko ya san shi. Ya ce ɗan garinsu ne, gyaran babur yake yi, sai in an yi biki ya ɗauki jita. Mai gadin ya ba ni lambar nasa ƙanin da ke can, ya ce in na je ba zan kwana a waje ba.

A watan Disamba na 2022 na tashi. Hajiyarmu ba ta so ba, ta ce wane irin mutum ne zai bar kasuwa ya bi makaɗi har cikin hamada. Da ta ga na dage sai ta sa min albarka, ta ƙulle min yaji da dakakkiyar kuka in kai wa masu masauki. Ni kuma na biya Sabon Gari na sayi wayoyin jita cikakken saiti biyu, don na rasa wace tsaraba ake kai wa irin wannan mutum.

Bayan asuba na shiga mota a tashar Ƙofar Ruwa. Kazaure da Daura sun wuce ban sani ba, barci nake. Daga Daura zuwa Kwangwalam ne tafiya ta koma tsaya-tafi. Ba ka rufe mintuna kaɗan sai an gicciya sanda ko tsohuwar taya, direba ya sauka da takardu ya dawo fuska a murtuke. A wata rumfa wani mai kaki ya juya katina na allurar shawara gaba da baya, ya ce hatimin bai fito ba, alhali ga shi nan raɗau. Na tsaya kan gaskiyata kusan rabin awa, har fasinjoji suka fara ƙorafi na tsayar da su, sannan na miƙa abin da na miƙa. Ba kuɗin ne ya ƙona min rai ba, yadda bai ko kalli fuskata ba ne.

A bakin iyaka na canza kuɗi. A lokacin jaka guda ta sefa ta haura naira dubu, abin da iyayenmu da suka san zamanin da naira ke taka sefa ba sa iya ji ba su girgiza kai ba. Da muka tsallaka Ɗan Barto na fara koyon lissafi daga farko. Na sayi ƙosai wurin wata mata ta ce dala hamsin, na miƙa mata ƙwandala mai lamba 50, ta dube ni ta yi murmushi ta ce, "Ɗan Najeriya ne kai ko?" Ita ta zaunar da ni ta karanta min: dala ɗaya tamma biyar ce, abin da aka rubuta 100 dala ashirin ne, mai 500 shi ne ɗari, mai 1000 kuma jaka. Hausa ɗaya, amma sai ka ninka komai biyar a kanka kafin ka buɗe baki. Daga nan Matamaye, Takeita, muka shiga Damagaram da la'asar sakaliya.

Ban kama ɗaki ba. Manyan motocin Agadas tun kafin asuba suke tashi, kuma kamfanonin suna barin fasinja ya kwana a harabarsu, ga tabarma ga famfo ga wurin salla. Na yanki tikiti jaka tara, na ajiye jakata, na hau kabu-kabu zuwa Birni na ga fadar Sarkin Damagaram da manyan duwatsun nan da suka tsaya a tsakiyar gari kamar an jera su da hannu. Nan ne hedkwatar Nijar har 1926 kafin Faransawa su mayar da ita Yamai. Na ci dogon burodi da kilishi, na kwanta cikin sanyin da ban yi masa shiri ba.

Tsakanin Damagaram da Agadas kusan kilomita 450 ne. Har Tanut akwai gonakin gero da aka girbe, da rumbuna, ƙasar Damargu ke nan. Bayan nan itatuwa suka fara gajarta, suka koma ƙaya, gari ya yi nisa da gari. A kowane shinge jandarma zai hau ya karɓe katunan kowa, ya sauka da su, a riƙa kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Wani wuri kwalta ce sumul, wani wuri sai mota ta sauka ta bi yashi.

Kusa da ni wani saurayi ne ɗan Tasawa, zai wuce haƙar zinariya a Jado, inda aka gano ta a 2014. Kayansa duka bargo ne da galan da aka naɗe da buhu. A kujerar gaba kuma wata dattijuwa ce 'yar Kance. Da muka wuce Adarbisinat motar ta yi tari ta tsaya, yaran mota suka shige ƙarƙashinta, mu kuma muka zube a inuwarta har awa huɗu. Ruwan kowa ya ja baya, da azahar ta yi taimama muka yi. A nan ne dattijuwar ta ga ina saurare da abin kunne, ta ce, "Ɗana, karatu ne?" Na ce, "Waƙa ce, Iya." Na cire na sa mata a lasifika. Ta saurara har ƙarshe ba ta motsa ba. Sai ta ce ƙanwarta tana cikin mutum 92 da aka tsinci gawarwakinsu a watan Oktoba na 2013 kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta gama da su. Ta ce har yau in ta dama fura sai ta tuna wadda ta mutu tana neman kurɓi ɗaya. Ba ta yi kuka ba. Ta gyara mayafinta ta ce in ƙara sa mata.

Dare ya yi kafin mu shiga Agadas, don haka ban ga hasumiyar ba sai da gari ya waye. Ƙanin mai gadin ya zo tasha ya ɗauke ni a babur, ya sauke ni a ɗakinsa, shi ya koma zaure. Na yi na yi ya ƙi karɓar ko dala. Da safe matarsa ta aiko da kunu da cuku, ga lemun Timiya wanda lokacinsa ne, ga dabinon Abzin. Kukar Hajiya kuwa ta yi farin jini fiye da yadda na zata.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ban buƙaci tafinta ba. Kasuwa Hausa, tasha Hausa, yara a lungu Hausa, sai dai tasu mai "mi" da "hwa" ce. Mu a Kano muna da unguwar Agadasawa, mun san Fagge zangon ayarin Abzinawa ne, mun san baƙin rawanin da suke ji da shi a Kura ake rina shi. Amma a idon yawancinmu yau Ba'abzine mai gadi ne da butar shayi a bakin get. Sai da na tsaya gindin masallacin nan na ji nauyin wannan raini. Hasumiya ce ta zallar ƙasa, tsayinta mita 27, itatuwa sun tsattsago ta kowane gefe don masu yaɓe su taka. An gina shi a 1515, aka sake ginawa a 1844, kuma tun 2013 tsohon garin yana cikin wuraren tarihi na duniya da UNESCO ta amince da su. Na tuna badalarmu da kullum ake yanka ana dasa shaguna, raina ya ɓaci.

Mun sami garejin mutumin a rufe. Maƙwabcinsa ya ce yana gidan biki. Muka bi sautin har wani fili tsakanin gidaje, an shimfiɗa tabarmi, mata sun zauna gefe guda cikin lufaya kala-kala, janareta na ruri. Jita uku ne masu lantarki da gangunan Turawa, lasifikar ta tsufa har tana tsatsa a kunne. Samari biyu za su fito tsakiya su taka, ƙura ta tashi, su koma wasu su fito, masu liƙi suna manna takardar kuɗi a rawanin makaɗa. Mai masaukina ya nuna min wani siriri mai furfura a gemu, ya ce shi ne.

Gaskiya gwiwata ta yi sanyi. Kiɗan yana da zafi da gudu, yatsunsa kamar ba sa taɓa waya, jama'a na ihu, amma ba wannan na baro Kano dominsa ba. Na tsaya ina tunanin ko Hajiya ce ta fi ni gaskiya. Ana cikin haka aka kira magariba. Kafin ladan ya kai ƙarshen kabbara ta biyu ya ɗora tafin hannu kan wayoyin, sauti ya ɗauke ɗif. Ya jingine jitar, ya ɗauki buta. A sahu ɗaya muka yi salla, kafaɗata na gogar tasa. Da aka sallame na gaishe shi, na ce daga Kano nake, saboda shi na zo. Ya dube ni da kyau ya ce, "Mi na yi maka, Bakano?" Na ciro waya na sa masa. Daƙiƙa kaɗan ya saurara ya sa hannu ya kashe. Ya ce wannan ba ta wurin biki ba ce, in zo gida bayan lisha.

Gidan ɗaki biyu ne da rumfar tabarma a tsakar gida. Ya hura gawayi ya ɗora 'yar buta, ya ɗauko wata jita ta katako da ta sha duniya, an ɗaure wuyanta da zare. Siririyar wayarta ta ƙasa ba ta jita ba ce, silin wayar birkin babur ne ya warware ya ɗaura. Da na miƙa masa tsarabata ya buɗe takardar a hankali, ya shafa wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Ƙanena, wa ya gaya maka?" Na ce ba kowa, Malam. Bai ɗaura su a daren ba, ya ce sabuwar waya sai ta kwana tana miƙewa kafin ta riƙe murya.

Kafin ya taɓa jitar mun sha shayi zagaye biyu, yana ba ni labarin kiɗan. Ya ce asalinsa na 'yan gudun hijira ne, samarin da fari ya kora Aljeriya da Libiya a shekarun 1970 da 1980, waɗanda ake kira ishumar, wato marasa aikin yi. Su suka ɗauko kiɗan tande, turmin da mata ke rufe wa fata su buga, da waƙoƙin iyayensu, suka ɗora a kan jitar Bature. Lokacin tawayen Abzinawa na shekarun 1990 kaset ɗin irin wannan kiɗa a ɓoye ake yawo da shi, sai bayan sulhun 24 ga Afrilu 1995 ya fito fili ya zama na biki. Yanzu duniya ta san shi. Bombino ɗan yankin nan ne, ya yi wasa a gindin babban masallaci a 2010, daga baya har sunansa ya shiga takarar Grammy, babbar kyautar mawaƙa ta Amurka. Mdou Moctar kuwa a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko a 2008, kuma ta memori da Bluetooth waƙoƙinsa suka bazu kafin wani kamfani ya san da shi. Ya faɗi wannan ba tare da hassada ba. Shi dai bai taɓa shiga situdiyo ba, ba shi da kamfani, ba shi da manaja. Shi ke tsara baitinsa, shi ke sa masa kiɗa, wani yaro ya ɗora waya a kan tabarma ya naɗa.

Na tambaye shi kofi biyun nan. Ya daɗe yana juya gawayi. Ya ce ya tafi Libiya neman kuɗi ya bar matarsa da ciki, da niyyar wata shida, ya yi shekara uku, rabinsu a tsare. Da ya dawo ya tarar ta rasu wurin haihuwa tun shekarar farko, saƙo bai taɓa isa gare shi ba. Shekara biyu yana tara wa matacciya turamen zane. Ya ce a yarensu akwai kalmar assuf, ita ce kewa, ita ce kuma duhun da ke farawa daga inda hasken wutar zango ya ƙare. Da wannan sunan ma ake kiran kiɗan gaba ɗaya.

Mahaifinsa malamin allo ne, kuma har ya bar duniya bai yarda da jita ba. Ya ce bai taɓa ce wa tsohon ya yi kuskure ba. Abin da ya ɗaukar wa kansa shi ne ba ya sa aya a cikin waƙa, ba ya zuga mai kuɗi, ba ya siffanta jikin mace, kuma kiran salla na yanke masa kiɗa ko a gaban wa. Na san wannan muhawara, a rumfata ma ana yin ta kullum tsakanin mai neman wa'azi da mai neman waƙar fim, kuma hukunci na malamai ne. Abin da zan iya shaida shi ne abin da ya ce da na gaya masa tsoron da nake ɓoyewa. Ya ce, "Ƙanena, Annabi Yaƙub ya yi kuka har idonsa ya yi fari, kuma shi ne mai kyakkyawan haƙuri. Kai wa ya ce maka haƙuri rashin jin zafi ne?" Na san ƙissar tun ina makarantar allo. Ban taɓa jin ta a kaina ba sai a wannan tsakar gida.

Sannan ya yi waƙar. A waya minti huɗu ce, a nan ta fi goma. Babban yatsansa yana riƙe da amo ɗaya a wayar sama, bai sake shi ba daga farko har ƙarshe, sauran yatsun suna zagaya shi suna dawowa. Ba ya ɗaga murya, wani wuri ma kamar magana yake da wani a gefensa. Akwai baitin da babu a nawa memorin, inda yake roƙon in an tashi alƙiyama a ba shi dama ya gaya mata ba da gangan ya daɗe ba. A nan na kasa riƙe kaina. Tun ranar jana'iza ban yi kuka a gaban mutum ba. Bai tsaya ba, bai ce min in yi haƙuri ba, ya ci gaba da kiɗansa har na gama, mai masaukina kuma ya juya fuska yana wanke kofuna.

Akwai abin da ya tsaya min a wuya, na ga gara in faɗa. Na ce masa na tura waƙarsa ga mutane da yawa a Kano, kuma kuɗin turawa nake karɓa, shi ko sisi bai gani ba. Na ciro jaka ashirin na ajiye gabansa. Ya tambaye ni su waye suke nema. Na ce akwai direban tirela, akwai wata bazawara da ta dawo har sau biyu don wayarta ta ɓata. Ya ɗauki jaka biyar, ya turo min sauran, ya ce wannan na gawayi ne, in riƙe na mota. Sharaɗi ɗaya ya kafa min: duk wanda zan tura wa, in tura ta cikakkiya, kada in yanke ta in yi ƙarar kira da ita.

Kwana huɗu na yi. A daren ƙarshe ya ɗaura sababbin wayoyin, ya yarda na naɗi waƙar da baitin nan da babu. Komawa ba ta da labari, sai ƙura da shingaye, da sanyin Damagaram karo na biyu. Duka tafiyar, har da abin da aka karɓe a hanya, ta ci min abin da nake samu a wata guda da 'yan kai.

Washegarin isowata na je Nasarawa da cuku da dabino da saƙon ƙanin mai gadin. Mai gadin yana bakin get, butarsa a kan gawayi. Na sa masa sabon naɗin. Can wajen tsakiya akwai inda akuya ta yi kuka, daga nesa kuma wani yana buga ƙofar langa-langa yana sallama. Ya ce in mayar baya. Na mayar. Ya kara wayar a kunnensa, ya ja rawani ya rufe bakinsa, ya ce wannan muryar maƙwabcinsu ce, shekararsa shida rabon da ya ji ta. Wata mota ta yi hon a bayan get, ya miƙo min wayar ya tashi ya buɗe, ya dawo ya ce in ƙara mayarwa.